Abin da Ke Kumbura Gora: Kunu, Zoɓo da Mas'alar Mazubi a Potiskum

Duk wanda ya san Potiskum a watannin bazara, sa'ad da zafi kan haura digiri 40 tun kafin a kira azahar, ya kuma san yadda garin yake zaune a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Azare ta nufi Damaturu da Maiduguri, ga kasuwar shanunsa wadda ake lissafawa cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, ga manyan motocin da ba su daina shiga da fita dare da rana, to, ba zai yi mamaki ba in an ce masa ƙishirwa tana daga cikin abubuwan da ke ciyar da gidaje masu yawa a wannan gari. Tun daga 1924, da aka mai da mazaunin masarautar Fika nan, garin bai gushe ba yana tara baƙi, baƙo kuwa in ya sauka abin da zai jiƙa maƙoshi yake fara nema. Saboda haka mata a cikin gidajensu suke kwana aikin kunun zaƙi da zoɓo da kunun aya, gari na wayewa yara su ɗauki kula su nufi tasha da bakin kasuwa da ƙofar makarantu, abin ya fi ƙamari in azumi ya faɗo cikin zafi.

Masu wannan sana'a suna da koke iri guda, wanda kusan kowace ta taɓa yi: an ɗura da asuba lafiya lau, kafin la'asar gora ta yi tauri ta kumbura, gindinta ya turo waje har ba ta iya zama a tsaye, ko kuwa mai saye ya murɗa murfi, zoɓo ya yi masa feshi a farar riga, ko murfi ya ƙi kamawa, kunu ya tsiyaye cikin kula ya gauraye da ruwan ƙanƙara. Galibi laifin a kan gora ake ɗora shi, ko a kan murfi, ko a kan yaron da ya bar kula a rana. Ni dai a ganina, ko da yake gora da murfi suna da nasu aibi, kuma za mu zo kansa, asalin al'amarin shi ne mun ari mazubi daga masana'anta ba tare da mun ari sharaɗin da masana'anta take cikawa kafin ta rufe shi ba. Kamfani ba ya rufe kwalba sai ya kashe abubuwa masu rai da ke cikin abin shan ko ya hana su aiki, alhali kunun gida da zoɓon gida da ransu ake ɗura su. Iyayenmu da suke sayar da kunu daga ƙwarya da ludayi ba su san wannan matsala ba, domin ƙwarya ba ta toshe numfashi.

Abin da nake nufi da rai shi ne wasu halittu ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, suna nan a jikin ƙwayar gero da dawa, a bayan aya da dabino, a ɓawon abarbar da ake jefawa cikin zoɓo don ƙamshi, a cikin iska da tafin hannu. Kashi biyu ne suka shafe mu. Na farko su ne masu sa tsami, irin waɗanda ke mai da madara kindirmo, su ne kuma ke ba kunun zaƙi ɗan tsamin nan da ake so bayan ya kwana. Na biyu shi ne yis, ɗan'uwan wanda mai burodi da mai fanke suke saye a kanti, sai dai wannan na daji ne, ba a gayyace shi ba. Aikin yis guda ne tun da Allah ya halicce shi: ya ci sukari, ya fitar da abu biyu kusan daidai da juna a nauyi, wato sinadarin da ke sa maye da iskar da ke sa kumfa. Ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 25 da 35, wanda shi ne yanayin cikin ɗaki a Potiskum mafi yawan shekara.

Lissafin yana da sauƙi, ya kuma kamata kowace mai sana'a ta ji shi sau ɗaya. Ƙaramin cokalin shayi na sukari, kimanin giram 4, in yis ya cinye shi duka, yakan ba da iska kusan giram 2, wadda in an sake ta za ta cika wuri mai faɗin lita guda. Gorar zoɓo mai rabin lita da aka zaƙaƙa yadda mutanenmu suke so tana iya ɗaukar irin wannan cokali goma ko fiye. Ke nan ko da kashi ɗaya cikin goma na sukarin ne kawai ya tsimu, an sami iskar da ta ninka girman gorar, ba ta da wurin zuwa sai ta narke cikin ruwan ko ta matsu a ɗan sararin da ke ƙarƙashin murfi. Zafi kuwa yana ƙara wa yis kuzari, yana kuma korar iskar daga cikin ruwa, shi ya sa gorar da take lafiya da hantsi takan zama dutse da la'asar.

A nan ya dace mu waiwayi waɗanda suka fi kowa daɗewa da sanin halin wannan halitta a ƙasarmu, ko da yake sana'arsu haramtacciya ce a shari'a, Jihar Yobe kuma tana cikin jihohin da suka kafa dokokin Shari'a tun daga 2000. Masu dafa burkutu, a wuraren da ake dafa ta kamar Filato da kudancin Kaduna da wasu sassan Adamawa, suna jiƙa dawa ta yi tsiro, su niƙa, su dafa, su bari ta yi tsami, su sake dafawa, sa'an nan su bar ta ta tashi a cikin manyan tukwane masu buɗaɗɗen baki, a sha ta a ƙwarya tana cikin kumfa. Ba su ɗura ta su toshe, domin sun san ba ta gama aiki ba, kuma in ta wuce 'yan kwanaki sai ta juye ta yi tsami irin na ruwan khal. A Zambiya da Zimbabuwe, inda aka mai da irin wannan giyar dawa sana'ar kamfani da sunan Chibuku, a kwali aka daɗe ana sayar da ita, an bar mata 'yar kafa a sama don iska ta riƙa fita. Akwai kuma abu guda a aikinsu da ya kamata mai kunu ta lura da shi: da gangan suke tayar da sabon dahuwa da ragowar tsohon, ko su zuba shi a tukunyar da ta saba, domin yis ɗin jiya yana nan a jikinta. Abin da su suke yi da niyya, shi ne mai zoɓo take yi ba da saninta ba duk ranar da ta zuba sabon haɗi cikin bokitin jiya wanda aka ɗauraye sama-sama.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan mas'ala shi ne malamanmu sun karanta ta a zaure tun ba a ƙirƙiri gorar roba ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa lokacin da tawagar Abdul Ƙaisi ta zo Madina daga gabashin ƙasar Larabawa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana su yin tsimin dabino a cikin mazubai huɗu: goran duma, da wani irin tulu mai shafe, da kututturen dabino da aka rarake, da mazubin da aka shafe da kwalta. Dabinon halal ne, ruwan halal ne, amma hanin ya sauka a kan mazubi. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 ta Hijira, ya bayyana hikimar da cewa tsimi yana saurin juyawa a cikin waɗannan, mutum ya sha abin maye bai sani ba, saɓanin salkar fata wadda ba ta ɓoye abin da ke faruwa a cikinta, in tsimi ya yi ƙarfi ma takan tsage. Jumhurun malamai sun tafi a kan cewa an shafe wannan hani daga baya, aka bar ƙa'idar nisantar duk abin da ke sa maye ko a wane mazubi yake; amma mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi, ta riƙe karhancin yin tsimi a goran duma da mazubi mai kwalta, ɗalibin da ya sauke Risala ta Ibnu Abi Zaid ya wuce ta kan wannan. An kuma ruwaito daga Ibnu Abbas cewa tsimin da ake yi wa Annabi ba ya wuce yammacin rana ta uku a wurinsa. Mazubi da wa'adi ke nan, su ne kuma abubuwa biyu da mai zoɓo take fama da su a yau.

Turawa ma sun sha wuyar kwalba kafin su gane kanta. A lardin Shamfen na Faransa, a farkon ƙarni na 19, kwalaben ruwan inabi sun riƙa fashewa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ta fashe ta tayar da maƙwabtanta, har ma'aikata suna rufe fuska da garkuwar ƙarfe kafin su shiga. Ba a sami sauƙi ba sai da aka koyi auna sukarin da ya rage kafin a toshe. A 1810 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ya wallafa hanyarsa ta rufe abinci a kwalba a dafa ta cikin ruwan zafi, ba tare da ya san dalilin da ya sa abin ba ya lalacewa ba, sai Louis Pasteur ya zo bayan kusan shekara hamsin ya nuna cewa tsimuwa aikin halittu ne masu rai, kuma matsakaicin zafi yana kashe su. Murfin ƙarfe mai haƙora da muke gani a kan kwalbar lemo William Painter ne ya ƙirƙiro shi a Baltimore ta Amurka a 1892, gorar robar da ke iya riƙe lemo mai gas kuma an yi mata rajista a 1973 da sunan Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont. Har yau a Ingila da Amurka, inda doka ta yarje wa mutane dafa giya a gida ba tare da lasisi ba tun 1963 da 1979, kukan masu yin haka bai bambanta da na mai zoɓo ba: na'urar matse murfi ta gutsure bakin kwalba, murfi bai dace da baki ba, an toshe kafin tsimi ya ƙare kwalba ta tarwatse a ɗaki.

To, mu dawo kan gorarmu. Ba duk gora ce ɗaya ba, ko da yake a buhun mai sayar da tsofaffin goruna a haɗe suke. Wadda aka yi don lemo mai gas tana da kauri, jikinta sumul, gindinta mai ƙafafu biyar, an ƙera ta ne don ta jure matsi daga ciki. Wadda aka yi don ruwan sha, irin su Faro da Swan, siririya ce da gangan, domin ruwa ba ya turo bango; ita ce ta fi yawa, ta fi araha, ita ce kuma ke fara kumbura. Murfi ya fi gora saurin tsufa. An yi shi ne don a murɗa shi sau ɗaya da inji, zoben da ke ƙarƙashinsa ya tsinke ranar da aka buɗe, ɗan leɓen da ke ciki wanda yake manne wa bakin gora yana lanƙwashewa da kowace murɗa. Bugu da ƙari, zaren bakin gora ba iri ɗaya ba ne a kowane kamfani, wani dogo wani gajere, mai wanki kuwa takan zuba muraf duka a roba guda ta riƙa ɗauka tana gwadawa. Wanda ya hau a karkace zai yi kamar ya kama, sai an kwantar da gorar a kula yoyo ya bayyana. Waɗanda suka sami hali suna sayen sababbin goruna da sababbin muraf masu zobe, wannan kuwa ya magance yoyo da ƙazanta, amma bai magance kumburi ba, bal ma yakan ƙara shi, tun da murfin da ya kama da kyau shi ne wanda ba ya barin iska ta sulale.

Mai karatu zai ce, to, a yi yadda Pasteur ya ce mana, a kashe su da zafi. Nan ne kayan aiki suke cin amanar mai sana'a. Yis yana mutuwa a wajen digiri 60 in an riƙe shi a nan na ɗan lokaci, robar gora kuwa tana fara laushi tana motsewa a wajen digiri 70; tsakanin biyun rata ce ƙarama wadda ba a iya kamawa da yatsa sai da ma'aunin zafi, ban kuma san gidaje nawa ne suke da shi a madafa ba. Wadda ta ɗura zoɓo da zafinsa za ta ga gora ta yamutse, bakinta ya karkace. Wadda ta jira ya huce a buɗaɗɗen baho, ta zuba sukari da ɗanyen ruwan abarba bayan an sauke, ta tace da ƙyalle, ta ɗura da mazurari, ta mayar da duk abin da tafasa ta kashe. Kwalbar gilashi tana jure dahuwa, amma tana da nata sharuɗɗa: tana tsagewa in zafi ya same ta farat ɗaya, murfin ƙarfenta ba ya komawa bayan an ɓalle shi, sabo kuma sai da na'urar matsewa, ga nauyi ga yaro mai talla, in kuwa ta fashe da matsi a ciki, rauni take yi ba ɓarna kaɗai ba. Kunun zaƙi da kunun aya ma ba su son irin wannan dahuwa, ɗaya ya yi kauri, ɗaya ya tsinke.

Saura sanyi, shi ne madogarar kowa. Sai dai sanyi ba ya kashe yis, sa shi barci yake yi, ko da an daskarar da gora ta zama ƙanƙara. Da ta narke a tasha zai farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ga shi wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, firiza ta yi sanyi da dare ta huce da rana, mai ƙanƙara kuma yakan tsawwala kuɗi daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Akwai wani kuskure ƙarami da ke fasa goruna da yawa a firiza ba tare da hannun yis ba: ruwa in ya daskare yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, saboda haka gorar da aka cika maƙil don mai saye ya ga an yi masa adalci, ita ce za ta tsage ko ta ture murfinta. A bar mata sarari kamar faɗin yatsu biyu.

Amma in za a tambaye ni wane kayan aiki ne ya fi ɓata abin sha, ba zan ce gora ba, zan ce waɗanda ba a zarginsu: ƙyallen tata da ake matsewa a rataye a ƙusa da danshinsa, da mazurarin da ba a taɓa zura wani abu cikin maƙogwaronsa ba, da bokitin roba da soson ƙarfe ya kakkarce har ya yi ramukan da sabulu ba ya isa, da injin markaɗen unguwa wanda ya niƙa waken ƙosai da tattasai kafin a zuba masa aya, mai injin kuma ya ƙara ruwa daga durom ɗin da Allah kaɗai ya san ranar da aka wanke shi. Kunun aya, da yake ba a dafa shi sam, ga maiƙo ga zaƙin dabino, shi ne ya fi saurin nuna wannan, yakan juya cikin sa'o'i kaɗan in babu sanyi. Maganin waɗannan ba ya bukatar jari: a tafasa ƙyalle a shanya shi a rana, a zuba wa mazurari da ludayi tafasasshen ruwa, a sa sukari da kayan ƙamshi tun zoɓo yana kan wuta, a rufe shi ya huce a tukunyarsa, a wanke gora da buroshi mai kai wa gindi, a kife ta ta bushe sarai, domin ɗigon ruwan da ya kwana a ciki ya isa ya zama iri.

Game da inda tsofaffin goruna suke fitowa, magana ce ta amana kafin ta zama ta doka. Masu tsince-tsince suna tattaro su daga wuraren biki da tashoshi da juji, wani lokaci har da harabar asibiti, ba wanda ya san bakin da ya sha ko abin da aka taɓa zubawa, fetur ne ko maganin feshi. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke da alhakin abin sha da aka rufe don sayarwa, amma hankali ya san ba za ta shiga kowane tsakar gida ba. Abin da zai shiga shi ne sanin cewa wanda ya miƙa kuɗinsa ya karɓi gora a rufe ya sallama cikinsa ne ga wadda bai taɓa gani ba, kuma ɓoye aibin kaya algus ne ko a kasuwar shanu ko a bakin kula.

Ya rage tambayar da masu tsantseni suke yi: shin gorar da ta kumbura ta zama giya? Fatawa ta malamai ce, amma akwai abin da za a iya faɗa ba tare da shisshigi ba. Tsamin kunun da ya kwana ɗaya aikin masu sa tsami ne, ba maye ba ne, kamar yadda ba wanda ya ce kindirmo haramun ne. Iska kuwa alama ce kawai cewa wani abu yana cin sukari a ciki, ko yis ko waninsa, kuma ɗan sinadarin mayen da yake samuwa a yini guda bai kai ya bugar ba ko an sha da yawa. Sai dai fuƙaha'u, da suka zo bayyana lokacin da tsimi yake fita daga halal, alamomin da suka ambata su ne ya riƙa tafasa da kansa ba wuta, ya yi ƙarfi, ya tofar da kumfa. Zoɓon da ya yi kwanaki a gora cikin zafi, yana tsuwa in an murɗa murfi, warinsa ya sauya, ya kama hanyar nan, ga kuma abin da zai yi wa ciki. Matan da suka daɗe a sana'ar sun daidaita al'amarinsu a kan haka ba tare da sun karanta Pasteur ko Nawawi ba: ba sa dama fiye da abin da za a sayar a yini, sukan raba aikin biyu in ranar kasuwa ce, na safe daban na yamma daban, kuma in yaro ya dawo da ragowa, sai su latsa kowace gora da babban yatsa, wadda ta lotsa ta koma cikin sanyi a fara sayar da ita da safe, wadda ta ƙi lotsawa a tsiyaye ta a kwata.